Irin Alewar Kakanka

Gumel, ranar Asabar.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka da mutanen gidansa duka a can Fagge. Allah ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama idan ranar tashin jirginku ta zo, ya sauke ka lafiya a garin da ba ka da kowa sai Shi. Innarku tana gaishe ka, ƙanwarka Ladi ma haka. Direban da zai kawo maka wannan ya ce gidan kawunka ba ya ɓace masa, shi ya sa na haɗa masa da ɗan ƙulli. Kada ka kwance ƙullin sai ka kai ƙarshen takarda. Rubutun kuwa ka yi haƙuri da shi, ka san bokon yaƙi da jahilci ne, baƙaƙen kowanne da inda ya nufa kamar awakin da aka kwance da safe.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Ka fita gidan nan ban sa maka albarka ba, ban raka ka tasha ba, ga shi an ce shekara uku za ka yi a Ingila. Ni da ƙirji ke kayar da ni duk shekara, ban san ko zan ga dawowarka ba. Abin da ya zaunar da ni a zaure da alƙalami ke nan, a ranar da ya kamata a ce ina gaban murhu. Innarku ta ce in hau mota in je in faɗa maka da bakina. Na san halina. Idan na gan ka baki zai sake kauce mini, in je neman gyara in dawo da ɓarna biyu.

Bari in fara maimaita abin da ya haɗa mu, don ka duba ko na riƙe shi daidai, gama tun ranar kaina yake a ɗaure. Ka san yadda muke yi tun kana rarrafe. Duk tukunyar alewar madara da na sauke, ina gutsure ɗan yanki in ajiye a gwangwani, washegari in daka shi ya yi laushi in barbaɗa a sabuwar tukunya, sai ta kama ta yi lumus. Shi muke ce wa iri. Daga hannun kakanka mai sunanka na karɓe shi a Ɗanzomo, shi kuma daga hannun ubangidansa da ya koya masa sana'a. Tukunya tana haihuwar tukunya, hannu yana miƙa wa hannu. Ban gaji gona mai faɗi ba, ban gaji shanu ba, wannan na gada, kuma a ganina albarkar tsohon ce take bin mu a ciki. Ranar jajibirin tafiyarka na raba irin biyu, na ƙulle rabi a tsumma na sa a aljihu, ina jiran in sauke tukunya in miƙa maka tare da addu'a.

Sai ka zo ka tsuguna kusa da murhu kana murmushi, ka ce ashe karatun da za ka je yi yana nan a tukunyata. Ka ce madara ba zallan ruwa ba ce, wai cike take da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ba su narke ba, ba su kuma nutse ba, yawo kawai suke yi. Ka ce malaminku na Zariya yana da wata kwalba mai farin ruwa da ƙwayoyin roba a ciki, idan aka ajiye ta aka daina girgizawa sai ƙwayoyin su jeru da kansu har kwalbar ta riƙa ƙyalli launi-launi, wai kuma a kan wannan jeruwar ce gwamnati za ta biya maka jirgi. Ni dai ban taɓa jin an ɗauki mutum sama saboda ruwan kwalba ba. Ka ce sukarin da ya narke a tukunyata shi ma so yake ya jeru, sai dai ba mai farawa, kowa yana jiran kowa, kamar masallata kafin a ta da iƙama. Irin da nake barbaɗawa ya riga ya jeru, shi ya sa sauran suke bin bayansa. Idan garin ya yi laushi, wuraren farawa sun yi yawa, ƙwayoyin su fito ƙanana, harshe ba ya jin su. Idan ya yi tsakuwa, su fito manya, alewa ta yi yashi. Har nan ina jin daɗi, ina cewa a raina yaron nan bai ci kuɗin makaranta a banza ba. Sai ka ƙara da cewa:

"Baba, ai ko sukarin kanti ka daka ya yi laushi, aikin da zai yi ke nan. Kuma bayan tukwane masu yawa haka, ba abin da ya saura na Kaka a ciki."

Hannuna yana cikin aljihu a kan ƙullin lokacin da ka faɗi haka. Na ce ka tashi ka ba ni wuri. Washegari na yi sammako na tafi gona, alhali ba aikin da ke jirana, don kada mu haɗu. Na ji zafi, Abba, na ji kamar ka tona kabarin tsohon ka ce ba kowa a ciki. Ba na ɓoye maka, har yanzu da sauran zafin.

To ga abin da nake da shi na nasiha, in ma ta cancanci sunan. Ba daga littafi na samo ta ba, daga tukwanen da na ɓata ne.

Tukunyar farko da kakanka ya bar mini ni kaɗai, gemu bai fito mini ba. An yi rasuwa a unguwa ya tafi jana'iza, ya ce in sauke idan ta yi, in jira ta huce har bayan hannu ya iya zama a jikinta, sannan in zuba iri in buga da muciya. Ni kuwa so nake ya dawo ya tarar an gama, an yanka, an jera a faranti, ya yaba mini a gaban abokansa. Ina saukewa tana tururi na watsa irin. Na buga har kafaɗata ta sage, alewa ta ƙi kamawa, ta tsaya tana naɗe muciya kamar danƙo. Da ya dawo bai zage ni ba. Ya sa bayan hannunsa a tukunyar, ya dube ni, ya ce, "Da zafi ka zuba." Shi ke nan abin da ya faɗa, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. A lokacin na ɗauka iri fushi yake yi da mai gaggawa. Yanzu kai za ka ce zafi ne ya narkar da shi, jeruwar ta watse. Ko wanne ne, tukunyar dai ta lalace.

Don haka idan ka je can, ka riƙa sa bayan hannu kafin ka yi magana. Malaminka ne, mai gidan da za ka zauna ne, abokin karatu ne, idan ka ga ransa yana tururi ka riƙe gaskiyarka a gwangwani, ba za ta ruɓe ba. Magana zarar bunu ce. Amma a nan ma na rikice, don na zauna ina lissafi ban gano wanda ya zuba da zafi ranar nan ba, kai da ka faɗi taka a bakin tafiya, ko ni da na amsa kafin in huce. Innarku ta ce mu biyun ne, wai ba ta taɓa ganin kuka ta haifi goruba ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma, kuma shi ne ya jawo abin da zan gaya maka a gaba. Bayan na dawo Gumel na yi aure, wani attajirin Gagarawa ya ba ni aikin alewar biki, kala biyu, ta madara da farar nan da ake ja a ƙusa. Ka san farar ba ta son ƙwaya ko ɗaya, shi ya sa ake matsa mata lemon tsami, so ake ta miƙe ta yi santsi. Ina cikin hada-hada da tukwane biyu sai ga Mamman ɗan Magarya, wanda rumfarsa ke kallon tawa a kasuwar Maigatari, ya biyo ta Gumel sayen sukari ya leƙo mu gaisa. Ya dubi tukunyar farar ya ce kai, wannan ta yi kyau. Ya tafi. Na juye, na rataya a ƙusa, na fara ja, sai ta dushe a hannuna ta ɓarke kamar hoge, ta zube ƙasa gari. Nan take na ce bakin Mamman ne. Na je wurin malam aka yi mini rubutu na yayyafa a rumfa, na daina amsa gaisuwarsa da fuska, na shiga gaya wa masu saye cewa alewar Mamman yashin Damagaram ce. Da kakanka ya ji labari ya aiko a tambaye ni abu ɗaya, ko na wanke muciya tsakanin tukunya da tukunya. Ban wanke ba. Ɓurɓushin alewar madara ne ya shiga farar ya kashe ta. Na san haka tun ranar, amma na ci gaba da jin haushin Mamman, don haushin wani ya fi sauƙin ɗauka.

Nasihar a fili take, ka duba muciyarka kafin ka ɗora wa maƙwabci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sannan abin da ya gyara wata tukunya yana iya kashe wata, saboda haka ba duk abin da ka sani za ka zuba ko'ina ba, na gida ko na makaranta. Sai dai tambayar da ban taɓa yi wa kowa ba ita ce, idan iri albarka ce, yaya aka yi albarka ta ɓata mini alewar biki? Na daɗe ina ture wannan tambaya gefe. Kai ne ka jawo ta tsakar gida.

Yanzu ga abin da ya faru bayan tafiyarka. Ina zaune ina yi wa innarku mita tana tsintar shinkafa, ina cewa boko ya cire maka kunya, ka raina gadon gidanku. Ta bar ni na zazzage duka. Sannan ta ajiye faifai ta ce akwai maganar da ta daɗe tana cinta, kuma tunda ta kai ga raba uba da ɗa, gara ta fito. Ka tuna shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa, madara ta ɗauke daga rugagen wajen Sule Tankarkar, na kife tukunya na tafi cin rani Kano. Kana makaranta lokacin. Na bar mata gwangwanin na ce ta kula da shi kamar idonta. A bayana ƙyanda ta kama Ladi, bakinta ya yi miki, ko kunu ba ta haɗiya. Abin da kawai take yarda ta lasa shi ne zaƙi, kuma ba sukari a gidan, ba abin saye. Innarku ta buɗe gwangwanin ta gutsura mata kaɗan, gobe ma kaɗan, har ta wayi gari ba komai sai ƙamshi. Yarinya ta tashi. Innarku kuma tsoro ya kama ta, don ta ce ta ga yadda na fita gidan a karye, ta san idan na dawo na tarar da gwangwani wayam ba zan ƙara ɗora tukunya ba. Sai ta roƙi wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai zuwa Maigatari ta samo mata alewar madara. A duk kasuwar mutum ɗaya ne bai daina yi ba, don yana samun madarar gwangwani daga tsallaken iyaka. Ka san ko wane ne.

Tsohuwar ba ta iya riƙe magana ba, ta gaya masa komai. Ya zaɓi yanki mai kyau ya naɗe, ya ce a ce wa uwargida ta kwantar da hankalinta, ba mai ji a bakinsa. Kuma ba wanda ya ji. Na dawo na daka irin Mamman da bisimilla, na barbaɗa, alewa ta kama, na yi wa kakanka addu'a har da hawaye. Tun daga lokacin nake zama a rumfa ina gaya wa mutane bambancin alewar gado da yashin Damagaram, shi kuwa yana can tsallaken hanya yana kora ƙuda yana jina.

Ban san abin da ya kamata in yi wa innarku ba, faɗa ko godiya. Na buɗe baki in ce ta ci amana, sai ga Ladi ta shigo da tulu a ka, ƙatuwar budurwa, tana tambayar ko a ɗora sanwa. Sai na rufe bakin. Na tashi na shiga zaure na daɗe ina kallon gwangwanin, ban ma san me nake nema a jikinsa ba.

Ranar Alhamis na je Maigatari kamar kullum, kasuwa ta cika har ba masaka tsinke, amma ban iya kiran mai saye ko ɗaya ba. Da rana ta karkata na tsallaka rumfar Mamman, abin da rabona da yi tun kafin a haife ka. Ya matsa mini a tabarma kamar jiya muka rabu, ya ce, "Yaya yaron nan naka na lakwal, ya tashi?" Haka mutanen Magarya ke ce wa makarantar boko. Na ce yana Kano tukuna. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce masa na ji labarin shekarar fari. Ya yi dariya ya ce wane labari, shi ya tsufa, ba ya tuna abin da ya ci jiya. Na ce to shi nasa irin daga ina ya samo shi. Ya daɗe yana gyara alewa a faranti, sannan ya ce:

"Malam Ilu, ina saurayi na sayi alewa a kasuwar Ɗanzomo wurin wani tsoho mai ɗan gemu, da ita na fara. In kana son ka sani, kayanku ne ya koma gida."

To ka ji. Idan gaskiya ya faɗa, irin kakanka bai taɓa yankewa ba, zagaye kawai ya yi ta Magarya ya dawo. Idan kuma tausayina ya ji, mutumin da ya iya yin shiru shekara da shekaru don rufa mini asiri ba zai kasa ƙirƙiro tsoho mai gemu ba. Rabin tsofaffin Ɗanzomo gemu gare su. Na dubi idonsa ban karanta komai ba. Na roƙe shi gafara a kan maganar yashi, ya ce ai alewarsa da yashin, tun da can ba shi da haƙurin daka. Ko wannan ma ban san ko don ya sauƙaƙa mini ya faɗa ba.

Jiya Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na yi abin da ka ce. Na raba tukunya biyu, ɗaya na sa mata na gwangwani, ɗaya na daka sukarin kanti na barbaɗa. Na yi ta fatan ta biyun ta ƙi. Ta kama, Abba, ta yi lumus. Innarku ta ɗanɗana ta ce ba bambanci. Ladi ta ce ta gwangwanin ta fi daɗi, amma Ladi ba shaida ba ce, tun tana goye take goyon bayana. Ni da na ɗanɗana, wani lokaci in ji bambanci, wani lokaci in rasa.

Nasiha ta uku ban san yadda zan ɗaure ta ba. Na so in ce kada ka raina mutum, don ba ka san ko da irinsa kake cin abinci ba. Na so in ce idan ka gano an ɓoye maka abu, ka fara tambayar dalili kafin ka ɗaga murya. Na so kuma in ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma wannan karon kai ka hango, ni ina zaune a kan abin ban gani ba. Ka ɗauki wadda ta yi maka amfani. Sallah dai kada ka bar ta ta wuce ka komai sanyin garin, ka kula da abin da za ka sa a bakinka, kuma kada karatu ya sa ka riƙa yi wa mutane magana kamar kwalabe ne.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ka amsa mini idan ka sauka ka huta, da Hausa mai sauƙi, ba da hanzarin nan naka ba. Ina buga tukunyar jiya sai na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba. Irin ɗan mitsitsi ne, alewar kuwa faranti guda. Da zarar ta fara kamawa, ita ke ci gaba da kanta, ko na so in tsamo irin ba zan same shi ba. To ina yake tafiya? Yana nan a ciki ne ba a ganinsa, ko aikinsa ya ƙare tun daga farko? Ka tambayi malamanku na can. Idan amsar ba mai daɗi ba ce ma ka rubuto, na yi alkawarin zan karanta har ƙarshe ba tare da na ce kowa ya tashi ya ba ni wuri ba.

Yanzu ka kwance ƙullin. Shi ne wanda ke aljihuna ranar nan, ban canza shi ba. Ban san ko na kakanka ne ba, ko na Mamman, ko sukari ne kawai kamar yadda ka ce. Abin da na sani, ni na sauke tukunyar da ya fito daga ciki, kuma kai na yi wa niyyarsa. Ba ni da wani abin ba ka da ya wuce shi. In ka ga dama ka sa shi a madubin nan naku mai ƙara girman abu ka duba, in ka ga dama ka ajiye, in kewar gida ta dame ka ka shanye, ba zan tambaye ka ba.

Abin da na hana ka a ƙofar gida ga shi a rubuce, ka karanta da ƙarfi ka ji shi a kunnenka. Ba ka yi mini laifin komai ba, in ma ka yi na yafe duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka, Abba. Allah ya yi wa karatunka albarka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da na masauki, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. In da rabo ka same ni a gaban murhu, alhamdu lillahi. In kuma ba ka same ni ba, kada ka taɓa cewa ka tafi ubanka yana fushi da kai.

Ni ne mahaifinka,
Ilu mai alewa.